Amsar da Baba Yake Jira

Mahaifina, Malam Maharazu, ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da Turanci a wata firamare da ke bayan garin Sabuwa, kuma ni ma sai da na bi ta ajinsa. Ba zan yi ƙarya in ce na ji daɗin ajin ba. A gida Baba ne, mai shigo mana da rake da gyaɗa. Da ya ɗauki alli kuwa sai ya koma wani mutum dabam wanda bai taɓa ganina ba. Yakan tsaya gaban allo, ya ɗora littafi a kan tebur, ya ce, “Where is the book?” Mu kuma mu ɗauka da murya ɗaya kamar masu talla, “The book is on the table.” Wato ina littafi, littafi yana kan tebur. Littafin ga shi nan kowa yana gani, shi da ya ajiye shi ma yana gani, amma dole sai an tambaya, dole sai an amsa.

Daga nan sai ya cire littafi ya sa mutum. Ina Jabiru? Jabiru yana kasuwa. Ina Bilki? Bilki tana gida. Jimlar ita ce dai kullum, sai dai a zare suna a sa wani, a zare wuri a sa wani. Wuraren ma ba su da yawa, daga gona sai kasuwa, sai makaranta, gida da masallaci. A Turancin Baba babu inda mutum yake zuwa bayan waɗannan.

Ba ya zagi, ba ya duka. In ka ba da amsar da ba daidai ba, cewa kawai zai yi, “Again,” wato sake. Haka za ka yi ta sakewa a tsaye har ƙafafunka su gaji. In ka dace sai ya ce, “Good. Sit down,” ka zauna kamar an sauke maka dami. Wanda ya kuskura ya jefa Hausa a cikin jimla kuwa ya shiga uku, don ranar a tsaye zai ƙare darasi. Ni Shafa'atu na sha wannan tsayuwa, ƙanena Uwais kuwa kusan a tsaye ya yi firamarensa duka.

Mun sha yi masa tsiya a bayan ido. Wa zai tare ka a kasuwar Sabuwa ya tambaye ka ina littafi? Innarmu Mairo, wadda ba ta taɓa leƙa aji ba, takan ce Malam yana koya wa 'ya'yan mutane tambayar abin da ke gaban idonsu. Na yi ɗan karatun da zan yi, aka kawo ni aure Faskari, na jefa Turancin Baba inda ake jefa kwanon da ya huje.

Bayan ya yi ritaya, zama ya gagara a ƙauyukanmu saboda mutanen daji. Maigidana Audi ya je ya kwaso su, Baba da Inna da Uwais da matarsa Fatima Zahra'u, muka raba gidanmu na Faskari biyu. Uwais ne kaɗai yake komawa Sabuwa jefi-jefi, don gona ba a ɗora ta a mota. Ba a jima da zuwansu ba, wata rana Baba yana alwala ya faɗi. Muka kai shi asibiti a Kankara. Ya farfaɗo, amma ɓarin jikinsa na dama bai farfaɗo tare da shi ba, haka ma Hausarsa.

Abin da ya rage a bakinsa iri biyu ne. Fatiha da gajerun surori suna nan, in ya zauna salla suna fitowa ba gargada. Sai kuma jimlolin ajinsa. Ranar da ya fara buɗe baki a gadon asibiti, Inna ta sunkuya tana yi masa sannu, ya dube ta, ya dube mu, ya ce, “Good morning, class.” La'asar ce sakaliya a lokacin.

Likita ya ce mana haka ciwon yake yi wani sa'in. Abin da harshe ya maimaita har ya zama kamar numfashi, shi yake bari. Sauran maganar tana ciki, ƙofar ce ta rufe. Ya ce mai yiwuwa yana gane wasu abubuwan da ake faɗa masa, mai yiwuwa ba ya ganewa, Allah kaɗai ya sani. Ya kuma ja mana kunne kada a tayar masa da hankali, don in ciwon ya sake bugunsa ba lalle ya tashi ba. Duk cikin bayanin likita, wannan na ƙarshe Inna ta ƙulle a bakin zanenta ta taho da shi gida.

Haka gidanmu ya koma aji. In yana jin ƙishirwa sai ya nuna moɗa da hannun hagu ya ce, “What is this?” Sai ka ce masa, “This is a cup,” ya ce, “Good,” sannan ya yarda ka kai masa baki. In ka miƙa ba ka amsa ba, ko zai mutu da ƙishi ba zai sha ba. In zai zaga bayi, jimlar yara yake ara, “Please, sir, may I go out?” Dattijo da furfurarsa yana neman izinin fita a wurin ɗan cikinsa. Ranar farko Uwais ya juya baya ya share ido, daga baya abin ya zame mana jiki. Masu zuwa dubiya kuwa, ko ya kwana yana nishi, amsarsu ɗaya ce, “I am fine, thank you.” In Inna ta cika masa kunne sai ya ce, “Keep quiet.” Wannan kam ba ta taɓa neman tafinta ba.

“Ni Mairo,” in ji ta, “na auri Bahaushe ɗan Bahaushe, da tsuhwa an musanya mani da Bature. Ke, zo ki ji mi shike hwaɗi.”

Ni da Uwais muka zama masu amsawa, kuma abin mamaki, Uwais sarkin tsayuwa shi ya zama na ɗaya a ajin. Shi ke yi masa wanka, shi ke ɗaga shi, shi ke ba shi abinci. Tun Uwais yana saurayi kwano ɗaya suke ci da Baba, ciwo bai raba su ba. Hannun dama ya mutu, Baba kuma ya ƙi ci da hagu, duk da liman da kansa ya zo ya ce masa lalura ce, ba laifi. Saboda haka kowace safiya Uwais yakan zauna a tabarma ta wajen damansa, ya sa kwanon ɗumame a tsakani, ya yanko loma ya kai bakin Baba, ya yanko ya kai nasa.

In Uwais ya tafi gona ni nake karɓar aikin. Ina ajiye kwano Baba zai dube ni ya ce, “Where is Uwais?” In ce, “Uwais is in the farm.” Ya ce, “Good. Sit down.” In durƙusa a gabansa in ba shi har ya ƙoshi, ni ban sa hannu don kaina ba, don 'ya mace ba ta cin kwano ɗaya da ubanta. Mun yi haka ba adadi, ba a taɓa samun matsala ba.

Da kaka ta yi, Uwais ya shirya zai je ya kwaso masara. Audi ya ce masa ya ɗan dakata a ga yadda hanya za ta yi. Uwais ya yi dariya ya ce in ya dakata, birai da ɓarayi ba za su dakata ba, kuma gidan nan baki ya yi yawa. Ya durƙusa ya yi wa Baba sallama, Baba ya ce masa, “Good,” ya fita.

Ina tankaɗe a tsakar gida Audi ya shigo da waya a hannunsa, ya yafuto ni zuwa zaure. Mutanen daji sun tare hanya tsakanin gona da gari, sun harbe Uwais da wasu manoma. An riga an yi musu sutura a Sabuwa, don hanya ba ta biyuwa, ba mai iya kawo shi, ba mai iya zuwa. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na koma na ɗauki rariya na ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare. Ban ji komai ba. Na yi ta jiran kuka ya zo, kamar yadda ake jiran mota a tasha, bai zo ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne rariyar ta fara yagewa a gefe, ya kamata a sayi wata.

Inna ta shiga gidan maƙwabciyarmu, Hajiya Ummu Salma, ta yi kukanta a can, ta wanke fuska ta dawo. Ta tara mu a bayan ɗakin girki.

“Ba mai hwaɗa ma Malam,” in ji ta. “Kun ji abin da likita ya ce. Na rasa ɗa, ba ni ƙarawa da miji. Duk wanda ya hwaɗa mashi, ban yahe ba.”

A gidan Hajiya Ummu Salma aka yi zaman makoki. Mutane su shiga can su yi ta'aziyya, su yi addu'a, wanda yake son gaida Malam sai a tsaya da shi a zaure a duba fuskarsa tukuna. Mai jan ido a ba shi ruwa ya wanke. Su shigo suna murmushin dole, su durƙusa su ce, “Malam, ya jiki?” Shi kuma ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya ya ce, “I am fine, thank you.” Bai taɓa samun masu dubiya da yawa haka ba, ko ranar da aka sallamo shi daga asibiti.

Fatima Zahra'u kuwa, iyayenta suka zo daga Yankara suka ɗauke ta ta yi takaba a can, don ba yadda za a ɓoye mai takaba a gida ɗaya da Baba. Inna ta ɗaga murya a gabansa ta ce yarinya za ta je ganin gida. Ta zo ta durƙusa ta yi masa sallama, ba kwalli a idonta, ba 'yan kunne. Baba ya ɗago ido. Kunnenta ya yi ta kallo har ta tashi.

Da safe na kawo ɗumame na ajiye.

“Where is Uwais?”

“Uwais is in the farm.”

Ya dube ni. “Again.”

Na ɗauka harshena ne ya zame, don na kwana ban yi barcin kirki ba. Na gyara tsayuwa na sake faɗa dalla-dalla, kowace kalma da gurbinta, yadda ya koya mana.

“Again.”

Na sake. Ya juya fuskarsa ya fuskanci bango. Na durƙusa na yanko loma na kai masa baki, ya datse leɓe. Ranar ban da ɗan kunu da Inna ta lallaɓa ta ɗura masa, ba abin da ya shiga cikinsa.

Washegari ma haka. Na ga gona ta ƙi karɓuwa, sai na sauya wuri. Na kai Uwais kasuwa, Baba ya ce in sake. Na kai shi masallaci, ya ce in sake. Na mayar da shi gidanmu na Sabuwa. Wata safiya da wurare suka ƙare mini har makaranta na kai shi, ƙato da gemunsa da matarsa. Ina faɗa ina jin muryata kamar daga gidan maƙwabta take fitowa. Ba na jin kunyar ƙaryar, ba na jin tausayi, ba na jin komai. Aiki ne kamar shara, in gari ya waye sai a yi.

Inna ta gwada nata da Hausa. Takan zauna kusa da shi ta yi ta zuba, wai Uwais ya samu wani aiki, wai ya bugo waya yana gaisuwa, wai hanya ce ba kyau. Baba yakan kalli bakinta kamar mai kallon ruwa yana zuba daga indararo. In ta gaji ta yi shiru, sai ya juyo gare ni ya yi tambayarsa. A jimlar nan ya yi tambaya, a cikinta yake son amsa.

Ba wai ya rikice ba ne, don sauran darasin yana tafiya daidai. Har wata dabara ya ɓullo da ita, wadda na san ta tun a aji, in yana son ya jawo daƙiƙin yaro zuwa amsa. Sai ya faro daga mai sauƙi.

“Where is Audi?”

“Audi is in the market.”

“Good. Where is Shafa'atu?”

“Shafa'atu is in the house.”

“Good. Where is Uwais?”

Nan muke tsayawa kullum. Ban san ranar da na fara ba, amma na lura a tsaye nake ba shi amsa, hannuwana a baya, kamar mai sanye da kayan makaranta. Tun da Uwais ya tafi bai sake ce mini in zauna ba.

Da hanya ta ɗan lafa, mutanen ƙauyenmu suka yi mana kara, suka loda masarar Uwais a mota suka aiko da ita. Ba wanda ya yi tunanin a sauke ta a wani gida. Aka yi ta shigo da buhuna ana jerawa a tsakar gida, Baba yana zaune a tabarmarsa yana kallo. Bakin kowane buhu ɗaure yake da igiyar rama, irin ɗaurin da Baba ya koya wa Uwais da hannunsa. Ya nuna buhu ɗaya ya ce, “What is this?” Na ce, “This is a bag.” Ya ce, “Good.” Ya kalli ƙofar zaure har aka shigo da buhun ƙarshe, mota ta tashi. Ranar bai yi ɗaya tambayar ba. Masara ta iso, mai ita bai iso ba, kuma daga ranar tuwonta nake tuƙawa ina kai masa yana kawar da kai.

Ya rame. Agogon hannunsa ya riƙa zamewa har gwiwar hannu, sai da muka cire. Rigarsa ta koma kamar an rataye ta a ƙusa. Audi, wanda yanzu shi ke ɗaga shi, ya ce mini da hannu ɗaya ma zai iya. Ya samu Inna da maganar.

“Inna, ku yi haƙuri, amma mutumen nan ya sani. Jira kawai shike a hwaɗa mashi.”

“In ya sani, mi za a hwaɗa mashi kuma?” in ji ta. “Zato daban, ji da kunne daban. Ku bar man mijina.”

Na so in ji haushinta, ban samu haushin ba. Ita ma ba ta cin abincin kirki, kuma ba mai tambayarta.

Ranar komawa asibiti ta zo, muka ɗauki shatar mota zuwa Kankara. Likita ya ɗora shi a ma'auni, ya duba, ya sake dubawa, ya cire tabarau. Ya ce magani ba ya aiki a cikin da ba kowa, in aka ci gaba a haka sai an zura masa roba ta hanci. Ya tambaya ko wani abu ya canja a gida. Inna ta yi farat ta ce ba komai, zafi ne kawai. Ya tambayi Baba ya jiki, Baba ya ce, “I am fine, thank you.”

Da Audi ya tura shi waje a keken asibiti, Inna ta bi su, ni na tsaya kamar ina gyara mayafi. Na faɗa wa likita komai, ban rage ba. Ya ajiye biron da ke hannunsa.

“Malama, ba zan ce miki babu haɗari ba,” in ji shi. “Labarin zai iya buge shi, zai iya ƙyale shi. Yunwar nan kuwa ba ta da ‘zai iya’, hanya ɗaya take bi. Ku ne iyalinsa, ku za ku zaɓa.”

Na ce na ji. Na kai bakin ƙofa na dawo.

“Likita, yaya aka cewa makabarta da Turanci?”

Ya dube ni kamar bai ji ba, sannan ya faɗa mini. Na ce ya sake, ya sake. Kalma ce mai nauyi, ba ta zauna mini a harshe ba. Duk shekarun da na yi a ajin Baba bai taɓa rubuta ta a allo ba. Tun daga Kankara har Faskari ita nake maimaitawa a ƙasan maƙoshi, mota tana faɗawa rami tana fitowa, ana tsayar da mu a shinge ana sakinmu. Inna ta ga leɓena yana motsi ta ɗauka tasbihi nake yi, ta ce Allah ya karɓa.

Da safe ina ɗumama tuwo na ce mata, “Inna, yau zan hwaɗa mashi.”

Ta ajiye muciyar da take wankewa. “In ya mutu, ke kinka kashe shi.”

Na ce, “To.”

“Ba ki da zuciya ne, ke? Ƙanenki ya mutu ko ɗigon hawaye ba ki yi ba, yanzu kuma uban naki kike so?”

Na ce, “Inna, miƙo man murhin kwanon nan.” Ta miƙo mini. Na rufe ɗumamen na ɗauka. Ban ji tsoro ba, ban ji ƙarfin hali ba. Na dai gaji da tsayuwa.

Baba yana zaune a tabarmarsa a ƙofar ɗaki, Audi ya jingina shi da bango kafin ya fita kasuwa. Rana ta fara taɓa ƙafarsa ta dama wadda ba ta jin rana. Na ajiye kwano, na koma da baya, na sa hannuwa a baya. Inna ta biyo ni ta tsaya a bakin ɗakin girki, ba ta matso ba, ba ta koma ba.

Bai faro daga mai sauƙi ba ranar. Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai, sai da na karkata kunne.

“Where is Uwais?”

Na buɗe baki na ce, “Uwais is in the...” sai na nemi kalmar likita na rasa. Na kwana da ita, na yi sallar asuba da ita, na hura wuta da ita, amma a lokacin ta tafi kamar ban taɓa jin ta ba. Na tsaya baki buɗe. Baba yana kallona, irin kallon da yake yi wa yaro a aji, ba ya taimako, ba ya gaggawa. Na san hukuncin mai jefa Hausa a cikin jimla. Ba ni da wata.

“Uwais is in the makabarta.”

Na ji Inna ta ja numfashi a bayana. Kaza tana tono a gindin buhunan masara. Na zuba wa fuskarsa ido ina jiran in ga bakin ya ƙara karkacewa, ko idon ya juye, ko ya sulale gefe kamar ranar alwala. Na ma riga na lissafa a raina wa zan aika ya kira Audi, da wace mota za mu nema.

Bai sulale ba. Ya rufe ido, ya daɗe a haka. Ya buɗe.

“Good,” in ji shi. Ya huta, kamar wanda ya hau tudu. “Sit down.”

Na zo zan durƙusa a gabansa inda na saba, sai ya miƙa hannun hagu ta kan cinyarsa ya bubbuga tabarma ta wajen damansa. Na zagaya na zauna a nan. Wurin ya ɗan lotsa, don shekara guda ke nan ko fiye mutum ɗaya yake zama a kai.

Ya ɗaga tafin hannunsa guda ɗaya, ya fara Fatiha. Duk Faskari an yi wa Uwais addu'a, an yi a Sabuwa, an yi a Yankara, ubansa kaɗai ne bai yi ba sai ranar. Na ɗaga hannuwana. Ban waiwaya ba, amma na ji Inna ta zube a inda take, na ji amin ɗinta yana fita tare da kuka. Ya kai ƙarshe ba gargada, ya shafa rabin fuskarsa da hannun da yake da shi. Hawaye yana bin kumatunsa duka biyu, har da wanda ya mutu.

Na buɗe kwano na yanko loma na kai masa. Ya karɓa, ya tauna a hankali, ya haɗiye. Na yanko ta biyu zan kai masa, sai ya datse leɓe, gabana ya faɗi, karo na farko ke nan da na ji wani abu ya motsa a ƙirjina tun ranar tankaɗe. Ya sa yatsun hagu ya turo kwanon har ya dawo tsakaninmu, ya kalli lomar da ke hannuna, ya kalli bakina.

Na kai ta bakina. Tuwon ya riga ya huce, miyar ta daskare a gefe. Na yanko na ba shi, na yanko na ci, har muka ga gindin kwanon.